Ranar Da Halliru Ya Mai Da Inna Dela Tif

A kasuwar Roni aka haifi maganar. Kafin la'asar ta hau babur ta isa Gwiwa, da ta kwana biyu kuma wani mai albasa ya dawo da ita daga Babura ta yi ƙiba har ba a gane ta. Wai Halliru Mai Hoto na Kazaure ya kama wata tsohuwa a Gwiwa, ya raba ta gida uku, ya sake haɗe ta, ya mai da ita ɓarauniya, sannan ya cusa ta cikin wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba, ya ba direba ya kai ta Kano. Wasu suka ce har da saniyarta aka cusa. Mutanen Babura kuwa, da yake ba sa son a fi su labari, suka ce ina Kano, ai tsallaka iyaka aka yi da ita aka sayar da sefa.

To jama'a, kowa ya mai da wuƙarsa kube. Tsohuwar tana nan a ɗakinta, guda ɗaya cur, tana goga goronta a magogi. Saniyar ma tana nan tana tuƙa. Halliru kuwa, mutumin da ko kaza aka ce ya riƙe a yanka sai ya kau da kai yana salati, ina shi ina raba mutum uku? Sai dai ba zan ce muku maganar ƙarya ce tun daga kai har wutsiya ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Ni aka yi komai a gabana.

Sunana Sharfuddeen. Mahaifiyata da mahaifin Halliru uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka taubashina ne, kuma bawana ne, ko da yake in ka tambaye shi zai ce ni ne bawan. Kada ku saurare shi. Ni ne ɗan bokon danginmu, domin na yi aji biyu na ƙaramar sakandare har sau uku, wanda in ka yi lissafi aji shida ke nan. Duk wata kalmar Turanci mai ƙashi da ta shigo unguwa, ni ake kawo wa in fasa.

An haifi Halliru a Kazaure da ido ɗaya a kanne. Ungozoma ta ce ciwo ne, kakarmu ta ce alamar rowa ce, ashe yaro saiti yake yi tun daga zanin goyo. Da ya fara tafiya sai ya huda gwangwanin madara, yana bin mutane yana leƙensu ta ramin yana cewa, "Kar ku motsa." Ranar da ya ce wa limamin unguwarmu kar ya motsa, bawan Allah yana tsakiyar alwala, ya sha ranƙwashin da har yau in ka taɓa wurin sai ka ji ɗan kwari.

Da ya girma aka kai shi koyon aiki wani shagon hoto kusa da tasha, mai wani labule da aka zana jirgin sama a jiki. Rabin mutanen Kazaure sun jingina da wannan jirgi, kuma har yau bai tashi da ko mutum ɗaya ba. Daga nan ya sami kyamararsa da baburinsa, ya shiga bin biki da suna daga Roni zuwa Gwiwa, daga Achilafiya zuwa Babura. Ya sayi wani ƙarfe mai ƙafa uku, kamar murhu ya yi tsawo, da wata tsohuwar kwamfuta wadda in ya kunna ta, matan maƙwabta sukan aiko da tattasai, suna tsammanin injin markaɗe aka kawo. Halinsa ɗaya ne: ba ya sakin hoto sai ya gamsu. In ya ce maka "saura kaɗan," to ka aika gida a rufe maka tuwonka.

A wani suna a Gwiwa ya ga Sadiyya, malamar firamare, tana raba wa mata fura. Da ya kai wa mai jego hotunan, jaririn ya fito a ɗaya, ragon ya fito a ɗaya, sauran duk Sadiyya ce: Sadiyya da ludayi, Sadiyya babu ludayi, Sadiyya tana neman ludayi. Mai jego ta ce, "Malam mai hoto, ni ce na haihu fa." Daga nan kowa ya gane inda aka dosa.

Mahaifin Sadiyya, Malam Hussaini, manomi ne mai 'yan shanunsa, mutum mai sauƙin kai. Abu ɗaya ne ke cin ransa a duniya: wani jan rediyonsa mai eriya ɗaure da tsumma, wanda yake ƙure wa murya tun daga hantsi har rana ta faɗi, ya ɓata tun daminar bara. Ya zargi yara, ya zargi baƙi, har akuya ya zarga. Da manyanmu suka je masa da maganar aure, sai da ya fara ba su tarihin rediyon tukuna, sannan ya ce, "Ni ba ni da ta cewa a kan Sadiyya. Inna ce ta raine ta. Abin da Inna ta yanke, shi ke nan."

Innar nan ita ce Dela, mahaifiyarsa, tsohuwar da ake cewa an raba uku. Baƙa ce wuluk, kyakkyawa, da zane siriri a kumatunta, kuma ba ta da wurin zama sai daga cikin ƙofar ɗakinta, inda inuwa ta yi kauri. A gefen ƙofar, cikin rana, nan ake ɗaure farar saniyarta mai suna Amarya. Saniyar ta haihu har an gaji da ƙirga 'ya'yanta, amma sunan bai canza ba.

Na raka Halliru gaisuwa. Muka tuɓe takalma tun daga nesa, muka durƙusa.

"Barka da hutawa, Inna."

"Barka kadai. Wanne ne mai neman auren a cikinku? Allah dai ya sa ba mai kunnuwan nan ba ne."

Ni take nufi. Na sunkuyar da kai saboda ladabi.

Halliru ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Mece ce sana'arka, ɗan nan?"

"Hoto nake ɗauka, Inna."

Tsohuwa ta ajiye magogi. Ta ce Sadiyya ta ɗauko mata wasu hotuna biyu a cikin kwalla. Ta miƙo na farko. Wallahi babu komai a jiki sai farin mayafi da idanu biyu suna shawagi a cikin duhu. Ta miƙo na biyu, wanda aka haska mata fitilar kyamara a fuska: ta yi fari fat, babu zane, babu hanci, kamar aljanar da ta faɗa buhun fulawa.

Ta ce, "Wancan ya ce ni gawayi ce. Wannan ya ce ni garin rogo ce. Duk su biyun ƙarya suka yi mini, kuma kai ɗan'uwansu ne. Ni ba na ba maƙaryaci jika."

"Inna, ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba."

"To gani ya kori ji. Ka ɗauke ni a nan inda nake zaune, don ba zan fita rana saboda kai ba. Ga Amarya can inda take, ita ma ba za ta shigo ɗaki saboda kai ba. In ga fuskata da zanena, in ga saniyata da tozonta da gashin idonta, duk a hoto ɗaya. Kuma a takarda, babba. Ba na son na cikin waya, wanda in caji ya ƙare mutum ya mutu. In ka kawo, ka sami mata. In ba ka kawo ba, ka nemi mai jingina da jirginku."

Ashe labarin jirgin har Gwiwa ya je.

A hanyarmu ta komawa Halliru yana jan babur a hankali. Na ce masa, "Bawana, ka haƙura. Akwai 'yan mata a Roni waɗanda kakanninsu ba sa gani sosai."

Ya ce, "Matsalar ba tsohuwar ba ce, idon kyamara ne. Idonka in ya dubi inuwa ya buɗe, in ya dubi rana ya tsuke, duk a lokaci guda ba ka ma sani ba. Kyamara ba ta iya haka. In na buɗe mata ido don Inna ta fito, Amarya ta ƙone ta zama farin fili. In na tsuke don Amarya ta fito, Inna ta nutse a duhu."

"To ka ga auren ya mutu ke nan tun ba a ɗaura ba."

"Bai mutu ba. HDR zan yi."

Na ɗauka wata takardar shaidar kwaleji ce, ƙanwar HND, har na fara tausaya masa shekarun da zai yi yana karatu Sadiyya tana jira. Sai ya ce a'a, dabara ce. Za a kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, a ɗauki hoto sau uku ba tare da komai ya motsa ba: ɗaya don inuwa, ɗaya don rana, ɗaya tsaka-tsaki. Sannan a kwamfuta a haɗe su, a ɗebo Inna daga wanda ta fito, a ɗebo Amarya daga wanda ta fito. Ni dai na raɗa masa suna hoto mai haske uku, kuma sunan da na sa ya fi nasu daɗi.

Kun ji inda "ya raba ta uku" ya samo asali.

Ranar ɗauka, aikina shi ne in hana Amarya motsi. Duk wanda bai taɓa roƙon saniya ta tsaya cak da tsakar rana, ƙudaje suna mata biki a baya ba, bai san wahalar duniya ba. Gwajin farko ta juya kai, da Halliru ya haɗa hotunan a kwamfuta sai ga saniya mai kai biyu. Na biyu ta kaɗa wutsiya, ta fito da wutsiyoyi kamar tsintsiya. Na uku saniya ta tsaya, amma Inna tana tauna goro, ta fito da baki uku.

Halliru ya ce, "Inna, don Allah a ɗan dakata da goron."

Ta ce, "Ka ji shi. Tun bai shigo gidan ba ya fara hana ni abinci."

Sadiyya tana bayan danga tana dariya har da riƙe ciki, shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga.

Allah ya kawo mafita ta kaina, kamar yadda ya saba. Rana ta dame ni, na ɗauko sabuwar malafata ta kaba na kifa. Amarya ta ɗago kai ta ƙura wa malafar ido. Ba ta ƙifta ba, ba ta kaɗa kunne ba, ta tsaya kamar an dasa ta. Halliru ya ce a hankali, "Sharfu, kar ka motsa. Inna, kar ki motsa." Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Yana cewa "an gama," Amarya ta miƙo wuya ta zare malafar daga kaina ta fara ci. Ashe ba kwarjinina ta gani ba, abincin rana take auna wa. Har yau ba a biya ni malafata ba, amma na bar wa zumunci.

Sai zaman haɗawa. Halliru ya shige shagonsa ya rufe ƙofa, injin markaɗensa yana kuka. Haɗin farko da ya nuna mini, ni ya burge ni ƙwarai: bangon ɗaki ya yi ja kamar an kunna masa wuta, kowane tamoji a fuskar Inna ya zama kwazazzabo, ga wani haske ya kewaye Amarya kamar wata ya yi lema. Na ce, "Shi ke nan, kai mata wannan!"

Ya ce, "An cika masa gishiri. In ta ga wannan za ta ce na mai da ita dodon gona." Ya rage, ya ƙara, ya sake ragewa, har hoton ya zama kamar kana tsaye a tsakar gidan da idonka.

A nan ne ɗoki ya kwashe shi, mutumin da bai taɓa gaggawa ba. Ya tura hoton ta waya, yadda ake tura hotunan biki, ga wani abokinsa mai injin wanke hoto, ya ce a buga masa babba. Da aka kawo takardar, sai da na nemi wurin zama. Fuskar Inna ta farfashe gida-gida kamar an gina ta da bulo. Zanen kumatunta ya narke. Cikin ɗakin ya koma baƙi ƙirin, Amarya kuma ta zama wani farin gajimare mai ƙaho. Wato gawayi da garin rogo sun haɗu a takarda ɗaya.

Halliru ya dafe kai. Ya ce, "Ni na jawo. A JPG na tura."

"Mene ne kuma jefeg?"

"Irin mazubin da ake adana hoto ne a kwamfuta. Shi wannan, don hoto ya yi sauƙin tafiya a waya, matse shi yake yi ya zubar da abin da yake ganin ba a buƙata. Waya kuma ta ƙara matsewa. A ɗan allon waya ba ka gane an yi ɓarna, sai an buɗe shi a babbar takarda."

Na ce, "To ai sunansa ya faɗa maka. Jefeg, a jefar da rabi." Bai yi dariya ba. Mai neman aure ba ya gane hikima.

Ya sake zama. Ya buga waya wani babban gidan wanke hoto a Kano, ya tambayi irin takardarsu da irin tawadarsu, ya daidaita launukan hoton da su. Ya ce mini allon kwamfuta fitila ne, haskensa daga cikinsa yake fitowa, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, aro take yi, don haka dole ya ɗan ɗaga inuwar ɗakin Inna ya kuma danne farin Amarya, in ba haka ba tawada ta cinye su. Ya ce kowane inci na takardar sai ya sami ɗigo ɗari uku. Na ce wa zai zauna ya ƙirga? Ya ce in fita in sha iska. Daga ƙarshe ya adana hoton a wani mazubi da ba ya zubar da komai, sunansa TIF. Sai dai hoton ya yi nauyin da in ka ce za ka tura shi ta waya a garinmu, sai Sadiyya ta yi jika bai isa ba. Dole aka zuba shi a filashi, ɗan ƙarfen nan da ake soka wa kwamfuta, a ba wani ya kai da hannu.

Direban da Halliru ya yarda da shi ɗan Roni ne, kuma ran kasuwa muna da aikin suna a can. Muka ba shi filashi a tasha. Halliru ya kira mutumin Kano, kuma da yake tasha ce ga hayaniya, sai ya ɗaga murya yadda har masu awon gero suka ji:

"Eh, tsohuwar nan ta Gwiwa! Ukun na haɗe su sun zama ɗaya! Na mai da ita tif! Tana cikin filashi ita da saniyar, direba zai kawo ta yanzu!"

Akwai wani ɗan acaɓa, Muhammadu Lawal, yana zaune a kan baburinsa yana shan rake. Ya tsaya da tauna. Ya matso kusa da ni ya ce, "Malam Sharfu, kai ne ka yi boko. Mene ne tif?"

To ni me zan ce? An tambaye ni ilmi, in ɓoye? Na ce masa, "Tif da Turanci ɓarawo ke nan. In mace ce, ɓarauniya." Kuma har gobe ina nan a kan bakana, ku je ku tambayi duk wanda ya yi aji shida. Fassarata ba ta da aibi. In akwai mai laifi, Bature ne da ya rasa sunan da zai sa wa mazubin hoto sai na ɓarawo.

Muhammadu Lawal ya jefar da raken ya tayar da babur. Ko fasinja bai jira ba.

Kafin mu gama cin tuwon suna, gidan Malam Hussaini ya cika da 'yan jaje. Mata suna shiga suna leƙa Inna Dela, wata har da taɓa ta don ta tabbatar ba kashi ɗaya cikin uku aka bari ba. Da aka warware wa tsohuwa abin da ake faɗa, ba rabawar ce ta ɓata mata rai ba, ba kuma kai ta Kano ba. Ta ce, "Ni ce ɓarauniya? Ni Dela? A tsakiyar tashar Roni?" Ta aiko da saƙo cewa mai hoto kada ya ƙara taka mata ƙofar gida, shi da mai kunnuwan.

Halliru ya daina cin abinci. Na kai masa tsire, ya ce in ci kayana, na kuwa ci don kada a yi asara. Sadiyya ce ta kira shi ta ce, "Ka daina zaman makoki. In takardar ta zo, ka kawo ta. Ni zan shigar da ku, in ya so ta kore mu mu uku."

Takarda ta iso daga Kano a naɗe cikin bututun roba. Halliru ya buɗe a shago, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa ta a firam ya lulluɓe da zane. Muka ɗaure a babur, ni a baya ina rungume da ita kamar mai kai amarya.

Muka tarar da tsakar gidan cike, don labari ya riga mu. Inna tana wurin zamanta, Malam Hussaini yana gefe a kan tabarma. Muka durƙusa. Ba ta amsa gaisuwa ba.

Ta ce, "Kafin ka buɗe komai, faɗa mini abin da na sata."

Halliru ya ce, "Inna, Allah ya huci zuciyarki. In za ki aika wa wani nono Kano, a ƙwarya za ki zuba ko a kwando?"

"Wane mahaukaci ne ke zuba nono a kwando?"

"To na farko a kwando na aika hotonki, ya tsiyaye a hanya. Shi ne na nemo ƙwarya mai murfi wadda ko ɗigo ba ya zuba. Sunan ƙwaryar ke nan tif. Ba ke ce tif ba, mazubin ne."

"Wa ya ce ɓarauniya ke nan?"

Duk tsakar gida aka juyo ana kallona. Ni kuwa na dubi sama, don a lokacin akwai wani gajimare mai ban sha'awa.

Halliru ya yaye zanen.

Jama'a, na ga hotuna a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ga Inna Dela zaune a inuwarta, baƙinta mai sheƙi kamar an shafa man shanu, zanen kumatunta ɗaya bayan ɗaya, har ɗan jan goro a leɓenta. Ga Amarya a rana, fara sol amma kana ganin kowane gashi, da tozo, da gashin ido, da irin kallon da take yi wa malafata. Tsohuwa ta sa aka matso da shi. Ta kai yatsa ta bi zanen fuskarta a hankali. Ta ce, ba da ƙarfi ba, "Haka na Innata yake."

Sai Malam Hussaini ya miƙe daga tabarma ya matso, ya kanne ido, ya ƙara matsowa.

Abin da ba mu lura da shi ba, hoto mai haske uku ba fuskar mutum kaɗai yake fitarwa daga duhu ba. Duk abin da ke cikin ɗakin ya fito: gadon ƙarfe, jeren kwalla, buta. A ƙarƙashin gadon kuma, bayan wata ƙwarya, ga wani abu ja yana leƙowa, da eriya ɗaure da tsumma.

Malam Hussaini ya ce, "Inna... wancan ba rediyona ba ne?"

Amarya ma ta daina tuƙa.

Inna Dela ta gyara mayafinta. Ta ce, "Ajiya na yi."

"Inna, shekara guda ina nema! Har akuya na daka!"

"Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka. Kai ne kullum tun hantsi mutanen cikinsa suna ta surutu a kaina, ba su san ni ba ban san su ba. Na ce bari su huta, ni ma in huta."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ashe dai tif ɗin..." Inna ta juya ta dube ta, maganar ta koma ciki.

Dariya ta fashe a gidan har kaji suka watse. Halliru kaɗai ne bai yi ba, yana durƙushe yana jiran hukunci, don shi a ganinsa yanzu kam ya gama yawo: ya tona asirin kakar matar da yake nema a gaban rabin Gwiwa.

Inna ta bari aka lafa. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, na ce ba na ba maƙaryaci jika. Kai kuwa ba maƙaryaci ba ne. Matsalarka ma gaskiyar ce ta yi maka yawa. Na ba ka Sadiyya." Ta ɗaga yatsa. "Amma ka mai da wannan Kano, a mayar mini da duhun ƙarƙashin gadona yadda Allah ya yi shi. Ba kowane lungu ne ke son haske uku ba."

Haka aka yi. An ɗaura aure bayan kaka. Hoton da aka gyara yana rataye a ɗakin Inna, ƙarƙashin gado baƙi ƙirin. Na farkon kuwa Malam Hussaini ya karɓe ya rataye a zaure, yana nuna wa duk baƙon da ya zo, rediyon yana gefe yana ta surutu. Yanzu daga Roni har Babura, duk tsohuwar da za a ɗauka hoto sai ta ce a yi mata irin na Dela, amma a bari ta share ɗaki tukuna.

Kwanan baya na je shagon Halliru na same shi yana goge kyamara. Na ce, "Bawana, ka san dai ni na yi maka auren nan. Malafata ce ta tsayar da saniya, fassarata ce ta tara maka jama'a. Ba don ni ba da har yanzu kana jingina mutane da jirgin da ba ya tashi. Saboda haka tashi ka ɗauke ni hoto mai haske uku, ka adana ni a tif, a kai ni Kano."

Bai ko ɗago ba. Ya hura gilashin kyamarar ya ce, "Haske uku ai don a fito da abin da ke ɓoye a cikin duhu ake yinsa, Sharfu. Kanka kuwa ko haske goma na sa, ɗakin wayam yake, ko rediyon aro babu. Kai jefeg ma ya ishe ka. A matse ka yadda aka ga dama, babu abin da zai zube sai kunnuwa."